Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Sakkwato da Majalisar Dokoki kan rediyo da layin waya a karkara

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Sakkwato,
da Mai Girma Kakakin Majalisar Dokokin Jiha da sauran 'yan majalisa.
Kwafi ga shugaban hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, da shugaban hukumar sadarwa ta NCC.

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, da addu'ar Allah Ya taya ku riƙon amanar jama'a, ina rubuto wannan takarda ne a madadin wasu 'yan'uwa daga gabashi da arewacin jiharmu. Cikinmu akwai manoman albasa da tafarnuwa na fadamar Rima, akwai makiyaya, akwai malaman firamare da ma'aikatan ɗakin shan magani, akwai samari masu POS da ke bin kasuwannin mako, akwai kuma iyayenmu mata waɗanda rediyo ne kaɗai ke kai musu labarin duniya har cikin ɗaki. Ni kaina tsohon malamin makaranta ne, a ƙauye na yi aikina har na yi ritaya. Ba ƙungiya mai rajista ce ta aiko ni ba, ba kuma jam'iyya ba. Maganar ce ta yi yawa a majalisar bakin kasuwa da ta bayan sallar Isha'i, har aka ce tunda kai ne mai alƙalami, rubuta musu.

Kukanmu guda ne. Mutumin karkara a Sakkwato ba ya jin gwamnatinsa yadda ya kamata, ita ma ba ta jin sa, kuma ba mu ga wani tsari a rubuce da aka yi domin gyara wannan ba. Shekarar 2025 ta ƙara tsananta abin. A watan Janairu hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. A watan Maris gwamnatin Amurka ta dakatar da aikin Muryar Amurka, sashen Hausa da ke magana da mu tun 1979 ya yi tsit. Ga zaɓen 2027 yana tafe. Duk da haka ba mu ji an tashi a zauren majalisa an tambayi yadda mutumin Gudu ko na Sabon Birni ke samun labari ba, balle yadda zai isar da nasa.

Bari in fara da rediyo, domin shi ne na talaka. Ba ya cin data, ba ya tambayar ko ka yi boko, batir biyu sun ishe shi. A 1992 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa hukumar NBC, ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofar mallakar tashoshi. Raypower ta fara a Legas a 1994, Freedom ta biyo baya a Kano a 2003, sannu a hankali abin ya iso mu. Yau ban da Rediyon Rima da talabijin ɗin Rima na jiha, da NTA da Royal FM na tarayya, muna da masu zaman kansu irin su Vision FM da Garkuwa FM. Alhamdulillahi, wanda ya san lokacin da tasha ɗaya ce tak ba zai raina wannan ba.

Sai dai kusan dukkansu a cikin birni suke ko a gefensa, kuma mafi yawansu a zangon FM. Muryar FM kuwa ba ta da dogon zango, iyakarta gwargwadon tsawon ƙarfen eriya da ƙarfin na'ura. Daga Sakkwato zuwa Isa ko Sabon Birni ya haura kilomita 100, haka ma zuwa Kebbe ta kudu. Idan aka haɗa da tsadar dizal da rashin tsayayyar wuta, waɗanda ke sa tasha ta rage ƙarfi ko ta rufe da wuri, sai a wayi gari jiha mai ƙananan hukumomi 23 tana da tashoshi da yawa, amma dukkansu kunnuwa ɗaya suke wa magana. Mai talla yana son inda masu sayen kaya suke, wannan ba laifinsa ba ne. Aikin hukuma ne ta kai murya inda kasuwa ba za ta kai ba.

Mutumin Illela da na Gada sun fi kama tashoshin Ƙonni tangaram fiye da na babban birnin jiharsu, haka na Sabon Birni da tashoshin yankin Maraɗi. Ba mu ƙi wannan ba, ai dangi ne, Gobirawan nan da na can tsatso ɗaya ne. Amma tashar Nijar ba za ta gaya wa manomin Gada ranar da za a raba taki a mazaɓarsa ba, ba za ta gaya masa ranar rigakafi ba, ba kuma za ta yi masa gargaɗi idan za a saki ruwan madatsar Goronyo ba. Waɗanda suka ga ambaliyar 2010, wadda ta cinye gonaki da garuruwa a bakin gulbin Rima har ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sun san darajar sanarwar da ta zo a kan lokaci. Hukumar hasashen yanayi tana fitar da hasashen damina kowace shekara. Manomin da ya fi kowa buƙatarsa, yaushe yake jin sa, kuma da wane harshe? Wata dattijuwa a garinmu ta taɓa taƙaita mini zancen da cewa, "Mu dai sai abin da direba ya hwaɗa muna."

Abin mamaki, Nijar da muke ganin mun fi ta arziki ta fara kafa rediyon al'umma tun 1999, ƙananan tashoshi masu aiki da hasken rana, mutanen gari ne ke tafiyar da su da harsunansu. Mu a Nijeriya sai a 2015 aka ba da rukunin farko na irin wannan lasisi, guda 17 kacal, a ƙasa mai ƙananan hukumomi 774. Wani ɓangare na jinkirin daga tsarin mulki yake. Sashe na 39 ya ce ban da gwamnatin tarayya da ta jiha, ba mai mallakar gidan rediyo ko talabijin sai da amincewar Shugaban Ƙasa. Wato idan mutanen Tangaza suka haɗa kuɗi za su kafa tashar da ba za ta wuce ƙaramar hukumarsu ba, sai takardarsu ta bi ta NBC ta je fadar Shugaban Ƙasa. Kuma shi wannan tsarin mulki, a jadawalinsa na huɗu, ya ba ƙananan hukumomi ikon karɓar kuɗin lasisin akwatin rediyo da talabijin. An ba su ikon karɓar kuɗin saurare, ba a tanadar musu abin da za a saurara ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tashar da ke cikin Goronyo ita za ta san cewa tsutsa ta faɗa wa albasa a bana, ita za ta yi cigiyar yaron da ya ɓata ranar kasuwa, ita za ta haɗa ardo da sarkin noma a gaban makirufo kafin girbi su yi maganar burtali. Babu tashar birni da za ta ɓata rabin awa a kan wannan, komai kyawun niyyarta.

Ranka ya daɗe, magana ta biyu ita ce wadda ta fi yi mana ciwo, kuma a kanta zan ɗan daɗe. A farkon Satumban 2021 aka katse layukan waya a Zamfara. Kafin watan ya ƙare aka katse a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa da Goronyo da Rabah da Tangaza da Tureta. Katsina da Kaduna ma sun yi nasu. Hujjar da aka bayar ita ce a raba 'yan bindiga da masu ba su rahoto, a hana su haɗa kai da cinikin kuɗin fansa. Gaskiya da yawa daga cikinmu sun yi na'am da farko. Wanda aka kashe masa ɗa, aka kore masa shanu, idan aka ce ya haƙura da waya na ɗan lokaci domin a gama da masu yi, ba zai yi musu ba.

Abin da ya biyo baya kowa ya gani. Ɓarayin da ke kusa da iyaka suka koma layukan Nijar, suka ci gaba da harkarsu. Wanda ya rasa waya shi ne mai garin da ke son sanar da jami'an tsaro cewa an ga babura a daji, da ma'aikacin asibitin da ke son kiran mota, da ɗan ci-rani a Legas ko Fatakwal da ke son turo wa gida kuɗin abinci. Masu POS suka rufe. Ɗan kasuwa ya koma ɗaukar tsabar kuɗi a jiki a kan hanyar da kowa ya san halinta. Mutane suka riƙa tafiya mai nisa, wasu zuwa cikin birni, wasu zuwa bakin iyaka, domin kira ɗaya na sanar da rasuwa. Ranar 17 ga Oktoban 2021, layuka na katse, aka afka wa kasuwar Goronyo aka kashe sama da mutum 40. Bayan wannan ne gwamnan wancan lokaci, Aminu Waziri Tambuwal, da kansa ya nemi gwamnatin tarayya ta maido da sadarwa a yankin.

An maido, mun gode wa Allah. Amma har yau ba a fito an gaya wa jama'a abin da aka samu da abin da aka rasa a wannan mataki ba. Ba a zauna da waɗanda abin ya shafa an ji ta bakinsu ba. Babu kuma wata doka ta jiha da ta fayyace wa ke da ikon neman a katse layi, na kwana nawa, wa zai sa ido, kuma ta wace hanya talaka zai nemi agaji a tsawon lokacin. Matsalar tsaro ba ta ƙare ba, ga ta gabas, ga Lakurawa ta Tangaza da Gudu. Ke nan gobe wani zai iya sake kawo shawarar, a sake aiwatar da ita a dare ɗaya kamar wancan karo. Wannan ne ke hana mu barci.

Akwai kuma garuruwan da ba sai an katse musu ba, don dama can ba su da shi. A namu garin akwai wani tudu a bayan maƙabarta, nan ake zuwa neman sabis. Da la'asar za ka ga mutane tsaitsaye kowa ya ɗaga waya sama, har masu sayar da rake da gyaɗa sun gano wurin. Da rana abin dariya ne. Daren da naƙuda ta yi wa 'yar ƙanena gardama, sai da mijinta ya hau babur ya je tudun nan cikin duhu, a lokacin da ko ƙarar babur tana firgita gari, kafin ya samu kiran mai mota. Allah Ya sa an sauka lafiya. Na kawo wannan ne don ku san cewa irin wannan tudu yana nan a garuruwa da yawa, kuma kowane gari ya san nasa.

Kamfanoni na cewa kafa ƙarfen sabis a irin waɗannan wurare ba riba, ga wahalar kai dizal, ga satar batir, ga tsoron ma'aikatansu. Ba ƙarya suka yi ba. Saboda irin haka ne dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusun USPF a ƙarƙashin NCC, domin a kai sadarwa wuraren da ba su da riba. Tsarin intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi alkawarin kai intanet mai sauri ga kashi 70 cikin ɗari na jama'a. Gwamnatin tarayya ta kuma sanar da shirin shimfiɗa wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kilomita 90,000. Duk mun ji a rediyo. Abin da muke so mu ji shi ne sunayen garuruwa: a Sakkwato wane gari da wane gari ke cikin jerin, kuma yaushe. Idan jiha ba ta je da nata jerin a hannu ta tsaya a kansa ba, rabon zai tafi inda aka fi iya bin sawu.

Sannan ga batun haɗa layi da lambar NIN da aka fara tun Disamban 2020. Ba mu ƙi manufar ba. Amma wanda aka ƙona wa gari, ya kwana a makarantar firamare da iyalinsa, da wace takarda zai je ya yi rajista? Matar da sai ta biya kuɗin babur zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, ta yini a layi, a ce na'ura ba sabis, ta dawo gobe? Da yawa sun haƙura, an rufe layukansu, suna aron wayar maƙwabta. Wayar aro kuwa ba a tura kuɗi da ita, ba a faɗin sirri a cikinta.

Magana ta uku, wa ke da bakin magana a tashoshin da muke da su? Rediyon Rima da talabijin ɗinta da jaridar The Path da kuɗin jama'ar jiha ake tafiyar da su, na wanda ya zaɓi gwamnati da na wanda bai zaɓe ta ba. Tun 1999 jam'iyyu ke karɓa-karɓa a gidan gwamnatin Sakkwato, kuma mun lura da abu guda: kowacce idan tana adawa takan yi kukan an hana ta tashar jiha, idan ta hau sai ta manta da kukan. Don haka wannan ba zargi ne ga gwamnatinka ita kaɗai ba, gado ne kuka tarar. Sashe na 95 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya hana amfani da kafafen gwamnati don fifita wata jam'iyya, ya kuma ce a raba lokaci daidai. Ma'aikatan tashar ba su ne matsala ba, cikinsu akwai ƙwararru da muka girma muna jin muryarsu. Amma muddin shugaban tasha ya san wanda ya naɗa shi zai iya cire shi da takarda ɗaya, labaran ƙarfe kaza za su ci gaba da zama jerin inda manya suka je da abin da suka ce.

A tashoshi masu zaman kansu kuma kuɗi ne ke magana. Ana sayar da fili, mai hali ya saya ya zuba sojojin bakinsa, su yini suna yabon wane suna zagin wane. Manomin da dillali ya karya wa farashin albasa ba shi da kuɗin sayen minti biyar. Na taɓa kiran wani shiri a wata tasha in yi maganar makarantar da ajinta uku ke hannun malami ɗaya, ban kai ƙarshen jimla ba aka ce lokaci ya ƙure, aka sa tallar wani ɗan siyasa da ta fi maganata tsawo.

Harshe ma abin dubawa ne. Hausa ta haɗa mu duka, amma a jihar nan akwai masu Fulfulde, akwai Zabarmawa, akwai Buzaye. A daidai lokacin da masu son ɓarna ke ƙoƙarin mayar da rikicin daji faɗan Bahaushe da Bafulatani, ba wa Fulfulde 'yan mintoci a mako bai isa ba. Yaron da ke ruga, wanda ba makaranta ba asibiti kusa da shi, idan bai ji muryar hukuma da ta malamai da harshen uwarsa ba, akwai masu jiran su yi masa magana da shi. A 2019 da gwamnatin tarayya ta ce ta samu lasisin rediyon Fulfulde don ilimin makiyaya, surutu ya cika ƙasa, aka mayar da abin siyasa. Mu da muke zaune tare mun san amfaninsa. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Shehu. Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulfulde da Hausa, ta kuma tura malamai mata da ake kira jaji, na ƙungiyarta ta 'Yan Taru, ƙauye-ƙauye su kai wa mata ilimi har gida. Ba ta jira matan karkara su zo birni ba. A yau shirye-shirye nawa ne mata ke tsarawa da kansu, ban da na girki da na zaman aure? Kurame kuma, shin akwai mai yi musu fassara da hannu a labaran talabijin na jiha kullum?

Ga shugaban NBC, ranka ya daɗe, tamu da kai gajeruwa ce amma mai nauyi. A Janairun 2022 hukumarka ta dakatar da shirin Idon Mikiya na Vision FM tare da tarar naira miliyan 5. A Agustan shekarar ta ci Trust TV tarar miliyan 5 saboda shirin bincike kan 'yan bindiga, ta ci wasu kamfanonin tauraron ɗan'adam irin wannan tara don sun nuna na BBC kan Zamfara. A watan dai ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashin da ya kai naira biliyan 2.6, cikinsu har da na gwamnatocin jihohi. A Mayun 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa hukumar ba kotu ba ce, ba ta da hurumin cin tara. Mun san akwai masu amfani da makirufo su hura wutar gaba, kuma ba mu ce a ƙyale su ba. Amma darasin da ƙananan tashoshi suka ɗauka shi ne maganar tsaro hatsari ce, gara a sa waƙa. Da tashoshi suka yi shiru, sai saƙon murya na WhatsApp da bidiyon da 'yan bindiga ke ɗauka da kansu suka cike gurbin. Jita-jita ɗaya ta isa ta watse kasuwa, mun ga haka da idonmu.

Maƙwabta ma sun nuna mana abin da muke tsoro. A Oktoban 2022 gwamnatin Zamfara ta rufe wasu kafafe, har da NTA Gusau da Pride FM, saboda sun ɗauki taron 'yan adawa. A 2025 gwamnan Neja ya ba da umarnin rufe Badeggi FM a Minna. A tsallaken iyaka, sojojin Nijar sun dakatar da RFI a 2023, suka dakatar da BBC na wata uku a ƙarshen 2024. Shekara da shekaru muna dogara da London da Bon da Washington su gaya mana abin da ya faru a ƙaramar hukumar da ke maƙwabtaka da mu, tun daga 1957 da BBC ta fara Hausa. Rufe Muryar Amurka ya nuna cewa mai abu yana iya ɗauke abinsa ranar da ya ga dama.

Batun mayar da talabijin tsarin dijital ba zan ɓata muku lokaci a kai ba. Wa'adin duniya ya cika tun Yunin 2015, an ƙaddamar a Jos a 2016, daga baya Abuja da Kaduna da Legas da Kano. A gaya mana matsayin Sakkwato, da kuɗin da talaka zai kashe kafin ya kalla.

Yanzu ga abin da muke roƙo.

Mai Girma Gwamna, muna roƙon ka sa a auna, a kuma wallafa, iyakar inda muryar Rediyon Rima ke kaiwa da rana da dare, mazaɓa-mazaɓa, tare da jerin garuruwan da ba sabis. Hakimai da masu unguwanni za su iya haɗa wannan jeri cikin ɗan lokaci idan aka bi ta fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi. Da shi za a je wa NCC da asusun USPF, da shi kuma za mu riƙa auna ku. A cikin kasafin kuɗi mai zuwa a ware wa tashar matsakaicin zango, wato AM, ta Rediyon Rima kuɗin gyara da na wuta mai hasken rana, domin ita ce ke ratsa daji, a kuma kafa ƙananan tashoshin ƙara murya a gabas da arewa da kudancin jiha. Gwamnoni sun amince a 2020 cewa kuɗin haƙa hanya don shimfiɗa wayar intanet kada ya wuce naira 145 a kowace mita, Kaduna ma ta yafe shi gaba ɗaya. Muna roƙon Sakkwato ma ta yafe nata a rubuce cikin doka, da sharaɗin kamfanin da ya amfana ya kai aiki wajen birni. Rundunar tsaron al'umma da jiha ta kafa ta sa gadin ƙarafan sabis cikin aikinta. Sannan muna so mu ji daga bakinka, a bainar jama'a, cewa a zamaninka ba za a rufe wata tasha ko a tsare ɗan jarida saboda ya ba 'yan adawa ko masu kuka dama ba. Wanda ya yi ƙazafi, kotu na nan.

'Yan majalisa masu girma, ku ne kuka fito daga waɗannan mazaɓu, wasunku sun san tudun neman sabis na garinsu. Ku yi wa dokar kafafen yaɗa labarai na jiha gyara, a samu hukumar gudanarwa mai wa'adi tsayayye, da wakilcin malamai da mata da manoma da makiyaya da ƙungiyar 'yan jarida, wadda ba za a rushe ta da sanarwa ɗaya ba. A rubuta adadin sa'o'in Fulfulde da Zabarmanci a mako, a rubuta filin da za a ba kowace jam'iyya kyauta lokacin zaɓe. Ku kafa ƙaramin asusu da zai taimaki al'ummar da ke son neman lasisin rediyonta da kuɗin takardu da kayan aiki da horo, ɗaliban aikin jarida na manyan makarantunmu su yi aikin sanin makama a can. Tunda Kotun Ƙoli ta yanke a Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi su riƙa zuwa hannunsu kai tsaye, su ma su sa nasu, amma kada tashar ta zama ta shugaban ƙaramar hukuma, in ba haka ba mun ƙaura da matsalar ne kawai daga birni zuwa ƙauye. Mafi muhimmanci, ku yi dokar da za ta ce jiha ba za ta sake neman a katse layin waya ba sai da amincewar majalisa, da wa'adin kwanaki a bayyane, da hanyar kiran agaji da za a bar wa jama'a, da rahoto bayan an gama.

Muna roƙon hukumar NBC ta sauƙaƙa wa al'ummomin karkara hanyar neman lasisi, ta fitar da sharuɗɗan da Hausa, ta kuma sa wa kanta wa'adin ba da amsa. Hukumar NCC ta wallafa abin da asusun USPF ya yi a Sakkwato gari-gari, ta haɗa kai da hukumar katin ɗan ƙasa a kai rajistar NIN kasuwannin mako irin na Achida da Illela da wuraren da 'yan gudun hijira ke zaune, maimakon a jira su zo.

A ƙarshe muna roƙon kwamitin yaɗa labarai na majalisa ya kira zaman jin ra'ayin jama'a kan waɗannan batutuwa kafin a gama aikin kasafin kuɗi. Kada a yi shi a ɗakin taron otal a cikin birni. A yi ɗaya a Gwadabawa, ɗaya a Goronyo ko Wurno, ɗaya a Tambuwal, a ranar da ba ta kasuwa ba, a gayyaci kamfanonin waya da masu tashoshi su zauna su amsa tambaya, a kuma watsa zaman kai tsaye a Rediyon Rima. Idan an sa rana, a aika wa hakimai da limaman Juma'a su sanar, domin da yawa daga cikin waɗanda ya kamata su zo ba za su ji a rediyo ba.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya yi muku jagora.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin makaranta,
a madadin wasu masu sauraro daga gabashi da arewacin Jihar Sakkwato.